Yadda Aka Turara Majigin Baba a Setapak

Kazaure zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fito daga ɗaki, jaka a kafaɗa, gwangwani a hammata. Baba ya riga ni tashi. Na same shi a zaure kan buzunsa, ya miƙo hannu ya shafa murfin gwangwanin, ya ce, "Magaji, kada ka bari a sa shi a but ɗin mota. Riƙe shi a cinyarka." Na ce to.

Bari in faɗi abin da ke ciki tun yanzu, kada wani ya ɗauka zinariya na ɗauko. Fim ne irin na da, doguwar leda siririya naɗe a kan faifai. Baba ɗan majigi ne tun yana saurayi, a ƙarshen zamanin Turawa da 'yan shekarun bayan tafiyarsu. Mota ce ke yawo da su ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, a nuna wa jama'a yadda ake maganin sauro ko zuba taki. To, ba mai barin tuwonsa don ya kalli taki, saboda haka sai a fara da ɗan gajeren fim na zane, baƙi da fari, irin wanda yaran yanzu ke ce wa katun. Fim ɗin ba shi da murya. Baba ne muryarsa. Yana tsaye gefen ƙyalle da lasifika a hannu, duk wanda ya buɗe baki a cikin hoto, Baba ne ke magana.

Guda ɗaya tak ya tsira da shi, labarin wani bunsuru mai wando da wani ƙaton sauro mai malafa. Baba ya raɗa wa bunsurun suna Tanko, sauron kuwa ya mai da shi mai karɓar haraji. Ya sha ba mu labarin yadda Bature ke zaune a kujera yana taya mutane dariya, bai san da shi ake ba. Sauran finafinan fa? Da aka rufe ofishin majigin, aka watsar da su a bayan sito. Yara suka riƙa yin ɗamara da ledar, mata suka kwashi gwangwanayen suka zuba daddawa. Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma duk ranar da na tuna wannan sai in ji abinci ya fita raina. Abu na farko da kakanninmu suka gani an zana kuma yana motsi, mun mai da shi mazubin daddawa.

Baba ya haura tamanin. Idonsa na gani, amma sunayen jikoki sun fara kuɓuce masa. Na'urar da za ta nuna fim ɗin babu ita a ko'ina cikin iya sanina, ita ma ledar ta fara wari, wani tsami-tsami kamar ƙullun koko da ya kwana uku, alamar ruɓa ta kama ta ke nan. Burina ɗaya ne: a mai da hoton cikin kwamfuta, in sa Baba a gabansa ya yi maganar nan tasa sau ɗaya, in naɗi muryar kafin ta tafi. Ƙanena Nafi'u, wanda ke gama digirinsa na uku a Kuala Lumpur, shi ya ce, "Yaya, in za ka zo bikin yaye mu ka taho da shi. A nan akwai masu yi, no problem."

A wani shingen hanya kafin mu shiga Kano, wani mai kaki ya leƙo ta taga ya nuna cinyata.

"Mene ne wannan?"

"Fim ne."

Ya karɓa, ya ɗaga murfi, ya yamutse fuska. "Kai! Wannan ai ya lalace. Ina za ka kai mushe?" Ya kama bakin ledar zai ja.

Direbanmu, wani dattijo mai haƙuri, ya riga ni magana. "Ranka ya daɗe, malamin makaranta ne, kayan babansa ne." Mutumin ya cilla min gwangwanin ta taga, ya goge hannu a wando.

A sama

Ban yarda an sa shi cikin kayan awo ba. Muka tashi da azahar, muka yada zango a Doha, inda na yi ta gyangyaɗi a kan kujerar ƙarfe da gwangwani a matsayin matashi. A jirgi na biyu wata mata da ke kusa da ni ta rufe hanci da mayafi tun daga tashi har sauka, tana satar kallon ƙafafuna. Na bar ta a kan zatonta. Safata ta ɗauki laifi, Tanko ya tsira.

Setapak

Muna fita daga filin jirgi zafi ya rufe ni, ba irin namu mai ƙona fata ba, wani mai danshi wanda ke manna riga a gadon baya. Nafi'u ya kira mota ta waya, muka yi tafiyar kusan awa guda zuwa Setapak, unguwar ɗalibai, dogayen benaye sun sha ruwan sama har sun yi baƙi, shanya ta ko'ina a baranda.

Ƙamshin gidansa ya tare mu tun daga bakin lifta. Matarsa Falmata 'yar Maiduguri ce, kuma ita ke haɗa wa matan 'yan Najeriya da ke can turaren wuta. Ta durƙusa daga bakin ƙofar kicin, kai a sunkuye, ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Ya su Baba?" Na amsa ina kallon bango. Ni wan mijinta ne, tsakanina da ita gaisuwa ce da sa albarka, ba hira. Ta ajiye tuwon shinkafa da miyar kukar da ta yo guzurinta tun daga gida, ta ɓace.

Da muka ci muka wanke hannu, na ɗora gwangwanin a gaban Nafi'u, na ce, "Ka gaya wa iyalinka, wannan abin kada a buɗe shi, kada a matsar da shi, kada ya ji zafi."

"Done, Yaya," ya ce, idonsa na kan waya.

Ku riƙe wannan "done" ɗin, za mu dawo kansa.

Chow Kit

Washegari muka hau bas, daga nan muka hau jirgin nan mai tafiya a sama kan dogo guda, muka sauka Chow Kit. Kasuwa ce mai cunkoso, ƙarnin kifi, ruwa na kwarara a ƙarƙashin takalmi, kowa na kiran kowa da harshen da ban sani ba. Nafi'u ya ja ni ta wani lungu har gaban wani ɗan shago, kedai in ji su, mai faɗin tabarma biyu.

Ashe masanin da aka sa na tsallako teku dominsa, mai juya tsoffin kaset-kaset na bidiyon biki ne zuwa filashi. Ya kalli faifan, ya kalle ni, ya kwashe da dariya. "Cannot lah," ya ce. Wai rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro a ƙauye.

Na juya ga Nafi'u. "Wannan ne mai yin?"

"Yaya, na ɗauka duk fim ɗaya ne."

"Ka ɗauka? Shekara huɗu kana bincike a jami'a, ba ka iya tako ƙafa ka tambayi mutum ɗaya kafin ka ce in taho ba?"

Mai shagon dai ya fi ƙanena amfani. Ya ba mu lambar wata mata a Cheras, ya ce aikinta ke nan. Muka zauna a wani mamak, wato shagon abinci na Musulmin Indiya, aka kawo mana roti, wata irin gurasarsu, da shayi mai kumfa, Nafi'u ya kira matar. Ta ce boleh, wato ba matsala, za ta duba, amma sai Litinin. Ta ƙara da cewa a bar shi a rufe, a wuri mai sanyi. Da kunnensa ya ji, shi ya ma fassara min.

Juma'a

Tun daga Kazaure ban rabu da gwangwanin nan ba sai ranar. Ba a shiga masallaci da abu mai wari, sai na tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin da aka sauke ni, kusa da jakar da babbar rigata ta biki ke ciki. Muka yi salla, ruwa ya tsuge, muka fake, muka dawo bayan la'asar.

Nafi'u na buɗe ƙofa hayaƙi mai daɗin ƙamshi ya tare mu. A tsakiyar falo ga kabbasa guda biyu. Ga wanda bai san ta ba, wani abu ne kamar kwando da ake kifawa a kan kaskon garwashi, a shimfiɗa tufafi a kai su sha turare. A kan ta farko babbar rigata ce. A kan ta biyu fim ɗin Baba ne. An warware shi, farkonsa na zube a ƙasa, an naɗa tsakiyarsa zagaye-zagaye a jikin kabbasar, sauran na kan faifai a gefe. Wanda ke daidai saman kasko ya nannaɗe ya ƙanƙance kamar ganda a kan wuta.

Falmata ta fito da fara'arta ta durƙusa. "Yaya, sannu da dawowa. Na shiga gyaran ɗaki na ji abin nan yana wari, har ya kama rigarku ta biki. Garin nan danshi gare shi, komai sai ya yi fumfuna. Shi ne na ce bari in ɗan turara shi ya sha iska."

Na tsaya. Duk zagin da na sani ya taru a maƙogwarona, ga ta a durƙushe tana jiran a yaba mata. Da bakina na ce, "Sannu da aiki."

Na ɗauke kaskon da kaina, na mai da abin da ya rage cikin gwangwani, sannan na ce wa Nafi'u ya biyo ni waje. A kan matakalar bene na sauke masa.

"Ka gaya mata?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake. Ka gaya mata ko ba ka gaya mata ba?"

"Wallahi Yaya na manta. Thesis correction ɗin nan ya..."

"Rufe min baki da Turanci! Ka san ba zan iya tsayawa ina ba matarka umarni ba, shi ya sa na bi ta kanka. Magana ɗaya! Baba ya riƙe abin nan fiye da shekara sittin a ɗakin ƙasa, gara ba ta ci ba, gobarar gidanmu ba ta ci ba, ruwa bai ci ba. Kwana uku a gidan dokta ya gama da shi!"

"Sai a duba intanet, ƙila akwai irinsa..."

Da ba don girma ba, da na mare shi a ƙasar mutane. Ashe ƙofa a buɗe take, Falmata ta ji komai. Har magariba ina jin shessheƙarta daga kicin. Ta aiko da abinci, na mai da shi yadda ya zo. Na san ba ta da laifi, karrama baƙo ta yi yadda uwarta ta koya mata, amma sanin hakan bai rage min komai ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba wanda zan kama in ce maƙiyi ne. Mai kaki a hanya ya ce mushe ne, ƙanena ya ce duk fim ɗaya ne, matarsa ta ga wari kawai. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, ko ɗaya.

Cheras

Litinin da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Cheras, ni da Nafi'u, kujera biyu tsakaninmu. Wurin yana saman wani shagon sayar da taya, ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji. Matar, Madam Lim, 'yar asalin Sin ce mai furfura, sanye da farar safar hannu. Ta buɗe gwangwanin, ta shinshina, ta ɗaga gira.

"Shekaruna a aikin nan ba a taɓa kawo min fim mai ƙamshi haka ba," ta ce. Ban yi dariya ba, ita ma ta daina zolayar.

Ta bi ledar a hankali ƙarƙashin fitila. Ta ce farkon lafiya, ƙarshen lafiya, amma tsakiyar zafi ya narkar da hoton, man turaren kuma ya shiga jikinsa. Abin da ya tafi ya ɗan haura minti guda, a fim ɗin da gaba ɗayansa bai kai minti bakwai ba. Na tambaye ta ko da dabara. Ta girgiza kai.

Bayan kwana biyu muka koma, ta kunna mana abin da ta juya cikin kwamfuta. Ni da na girma da labarin Tanko, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ga shi nan, wandonsa na zamewa, ƙafafunsa na lanƙwasa kamar ba ƙashi, hoton na rawa, ɗigo-ɗigon fari na gilmawa. Ga sauro ya cire malafa yana ƙirga awaki da tsinin bakinsa. Shiru kake ji, ba sauti ko kaɗan. Na yi kuka a gaban baƙuwar mace, ban ji kunya ba.

Ta ce min su ma a nan an yi yawo da irin waɗannan motoci a ƙauyuka, kuma yawancin finafinan danshi ya cinye su. "Hoton ƙila akwai kwafinsa a wani sito a duniya," in ji ta. "Abin da babanka ya riƙa faɗa a kansa, wannan babu shi a ko'ina sai a bakinsa." Sannan ta tambaye ni, wurin da ya ƙone, ta yanke ta haɗe bakin biyu, ko ta bar shi baƙi iya tsawonsa?

Nafi'u ya yi caraf ya ce, "A yanke, ba wanda zai lura."

"A bar shi baƙi," na ce. Ba wata hikima ce ta sa ni ba. So nake duk ranar da ya kalla ya zauna cikin duhun nan ya tuna "done" ɗinsa.

An yi bikin yaye su, na sa babbar rigata mai ƙamshin sandal da ɗan tsami a ƙarƙashi. Duk wanda ya ga hotunan zai ɗauka ta'aziyya na je. Ranar tafiyata Falmata ta durƙusa ta turo kwalbar turare gabana, ta ce a kai wa su Baba, sannan ta ce, "Yaya, don Allah a yafe min." Na ce ba komai. Na karɓi kwalbar, don ba a mai da hannun kyauta.

Gida

Na iso Kazaure da hantsi, a gajiye, ban gaya wa Baba komai ba. Da yamma na aro na'urar haska hoto ta makarantarmu, muka rataya farin zanen gado a zaure, aka toshe ƙofa da tabarma. Maƙwabta suka cika wurin. Na zaunar da Baba a gefen ƙyalle, na ajiye waya a gabansa tana naɗa.

Tanko ya fito yana jan wando. Baba ya kalle shi ya daɗe, har na fara cewa a raina na makara. Can sai ya gyara zama, wata murya da ban taɓa ji ba ta fito daga bakinsa, siririya, mai tsiwa: "Jama'a salamu alaikum, ni ne Tanko, ba ni da ko anini, sai wando!" Zaure ya ɗauki dariya. Sauro ya sauko, Baba ya kumbura murya: "Kai talaka, awakinka nawa?"

Ana cikin haka ƙyalle ya yi baƙi ƙirin.

Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri. Baba ko numfashi bai ja ba.

"Ranka ya daɗe, awakin suna cikin tulun nan, leƙa ka ƙirga da kanka. A'a, ƙara leƙawa, na ƙasan sun fi ƙiba. Cire malafar mana, za ta tokare! Yauwa, tura kai. Tura kafaɗa. Ka ga ta farko? Ba ka gani ba? To shiga gaba ɗaya, ranka ya daɗe, gwamnati ba ta tsoron tulu!"

Mutane na ta birgima cikin duhu, ba abin da suke gani. Ya buga cinyarsa da tafi, fam! A daidai lokacin hoto ya dawo: ga Tanko zaune a kan murfin tulu yana fifita da malafar sauro.

Da aka gama aka ɗaga tabarma, na matsa kusa da shi na ce, "Baba, tsakiyar ta ƙone a can."

"To sai me?" ya ce. "Mu da fitilar majigi ke mutu mana a tsakiyar kallo? Ba a yin shiru, Magaji. Kana yin shiru mutane sun watse." Ya jawo gwangwanin ya shinshina. "Wa ya turara shi?"

"Matar Nafi'u."

"Allah ya yi mata albarka. Warinsa ya daɗe yana hana ni barci."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban nan na hanyar Kano, da mai kaset na Chow Kit, da Madam Lim. Na kira Falmata ta wayar mijinta na ce mata ba komai, wannan karon da gaske. Shi kuwa Nafi'u har yau in ya kira gaisuwa kawai nake amsawa, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Washegarin nuna fim ɗin da safe na shiga zaure gaishe da Baba. Ya ɗago ya tambaye ni yaushe zan tafi kai gwangwanin gyara. Na zauna kusa da shi, na kunna masa wayar daidai wurin duhun nan. Ya kasa kunne har ƙarshe, yana dariya har da share hawaye.

"Kai, wannan ya iya," ya ce. "Ɗan gidan wane ne?"